Tambayi Injiniya: Kan kebul ɗin batir na zafi, guduma ko kirimfa?

TAMBAYA: Salam Injiniya, dan Allah a taimaka min. Kwanan nan na fara karɓar aikin sola da kaina bayan na bar shagon maigidana. Na haɗa ma wani bawan Allah inbata 5kVA mai 48 volt, kebul 35mm na sa, log ɗin kuma (ƙarfen da ake sa wa bakin kebul a ɗaure shi da noti) da guduma da cizal na bubbuge shi kamar yadda na saba gani ana yi. Sati uku ya kira ni wai wajen batir na wari, da na je na tarar roba ta narke log ya yi baƙi ƙirin. Wani ya ce in sayi kirimfa mai haidirolik, wato abin matse log a jikin kebul. Wai dole ne? Kuma ya ake aiki da ita? Daga mai bibiyarku a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikas salam ƙanena. Da farko ka gode Allah a wari abin ya tsaya. Toh bari mu yi ɗan lissafi, inbata 5kVA a kan 48 volt in aka ɗora mata kaya sosai tana jan wajen amp 100 daga batir, wani lokacin har ta ɗan haura, kuma duk wannan wutar ta cikin ɗan log ɗin nan da ka buga za ta bi. In haɗin bai kama ba ya zama akwai turjiya ko da 0.005 ohm ce, wadda ƙaramar mitarka ta aljihu ma ba za ta nuna maka ba, to wat 50 na zafi kenan ke taruwa a wuri ɗaya da bai fi kan yatsa ba. Ka tuna ƙwan fitila na da mai wat 60, wa ke iya riƙe shi in ya jima a kunne? Ka haɗa da zafin watan Afrilu a ɗakin da ba taga.

Ita guduma laifinta shi ne wuri ɗaya take lotsawa, ta tsinka wasu silin wayar, gefe da gefe kuma ta bar iska a ciki. Iskar nan ke sa kofa, wato jan ƙarfen wayar, ya dafe, in ya dafe turjiya ta ƙaru, zafi ya ƙaru, ya sake dafewa, haka abin zai ta cin kansa har ranar da za a kira ka. Kirimfa kuwa tamkar jak ɗin mota ce a hannu, kana famfa ƙaramin fistin na tura mai cikin babba, sai ƙarfin hannunka ya koma tan da yawa, dayis biyu, wato ƙarafunan bakinta da ake canzawa daidai kaurin kebul, su matse log ɗin ta kusurwa shida lokaci guda har silin wayar su dunƙule su zama kamar sandar kofa guda, ba inda iska za ta raɓe. Saboda haka eh, in dai za ka ci abinci da sana'ar nan daga 16mm zuwa sama ni a wajena dole ce. Wadda aka fi gani a kasuwanninmu ita ce ta China mai suna YQK, akwai YQK-70 da ke tsayawa a 70mm, akwai YQK-300 da ke kaiwa 300mm. In aikin gidaje kake yi ƙaramar ta ishe ka. Su Klauke da Cembre na manyan kamfanoni ne, kuɗinsu ba na mai fara sana'a ba ne.

Yadda ake yi kuwa, ka fara cire kebul ɗin daga batir gaba ɗaya, kar ka ce ai na kashe inbata, batir ba ya kashewa, sifana ɗaya in ta haɗa kawunansa biyu sai ta yi walda a hannunka. Ka yanke kebul da almakashin kebul ya fita tas, ka gwada zurfin log ɗin ka feɗe robar daidai wannan tsawon, a hankali kar wuƙa ta ci silin. Ka fara zura robar nan mai tsukewa da zafi tun kafin ka sa log, wlh ni kaina na sha mantawa sai na gama matsewa in ganta a ƙasa tana kallona. Sai ka tura wayar duka ciki har ta tokare, kar sili ko ɗaya ya tsaya a waje, kuma kar ka yanke wasu wai dan ta shiga, in ta ƙi shiga log ɗin ne ba nata ba. Ka sa dayis mai lambar kebul ɗin, ka murɗa ɗan makunnin gefe zuwa ON, ka famfa kaɗan har ya kama log ɗin, ka tsaya ka duba ya zauna daidai kuma waya ba ta zamo baya ba, sannan ka ci gaba har bakin dayis biyun su haɗu. Da sun haɗu ka tsaya. Masu ƙara famfa biyar na neman lada su ke fasa sil, robar da ke hana mai zuba. Ka murɗa zuwa OFF fistin ya koma.

In log ɗin mai dogon wuya ne matsa biyu ake masa, na farko ta wajen ramin noti, na biyu ta wajen kebul, dan kofan in ya miƙe ya samu hanyar tafiya. Ka gama ka taka log ɗin ko ka ɗaure shi a bais, ƙarfen nan mai riƙe kaya a teburin aiki, ka ja da ƙarfinka, in ya motsa yanke ka sake. Wajen ɗaurewa kuma log ya kwanta kai tsaye a kan batir, wosha a samansa take zama, kar ka sa ta a tsakani. Wannan kuskuren kaɗai na ga ya ƙona kan batir sabo fil. Kebul ɗin da ya riga ya yi baƙi ka yanke shi baya har sai ka ga jan kofa mai sheƙi, kuma ka koma gidan mutumin nan ka sake duka kawunan, har wanda bai nuna komai ba tukuna.

TAMBAYA: Oga ni ina da kirimfar amma abin na ɗaure min kai, in na sa dayis 35 a log 35 sai in ja ya zare, in na sa 25 kuma sai ya fito da kunnuwa biyu a gefe. Wanne ne daidai? Daga Sabon Gari, Kano.

AMSA: Ba kai kaɗai ba ne. Lambar da ke jikin dayis an yi ta ne da tunanin log mai kaurin jiki, shi kuwa log ɗin araha siriri ne kamar gwangwanin madara, dayis ya rufe bai ma matse shi ba. Sannan wani kebul ɗin an rubuta 35 amma abin da ke ciki bai kai ba, roba ce ta yi kauri. Su ma dayis ɗin na araha ba duka ne aka yanka su daidai ba. Abin da nake yi in na sayo sabon kwalin log, sai in sadaukar da guda biyu, in matse ɗaya da 35 ɗaya da 25 a guntun kebul, in sa zarton ƙarfe in raba su ta tsakiyar matsin. Wanda na ga cikinsa ya zama curi guda ba ramuka shi ne nawa. Ɗan siririn kunne ba komai, ka goge shi da fayil kar ya huda roba. Amma in kunnen ya yi faɗi kamar fiffike ka matse fiye da kima, kofan da ya kamata ya ɗauki wuta ya tsere gefe. Tunda kana kusa da Faransa Road ka zaga shago biyu uku, ka ɗauki log ɗin a hannu ka ji nauyinsa kafin ka biya. Rubutu irin 35-8 ko 35-10 da ke jiki, lambar farko ta kebul ce ta biyun faɗin ramin noti.

TAMBAYA: Injiniya ba gara in cika log da dalma ba? Ni mai walda ne a Maradi, haka muke yi tun da.

AMSA: Malam na san ana yi, kuma in hannu ya iya yana ɗaukar lokaci. Sai dai dalma na bin silin waya ta haura sama ta sandarar da ita, wajen da ta tsaya nan kebul ke karyewa in ana yawan lanƙwasa shi, kebul ɗin walda kuwa kullum a jan ƙasa yake. Kuma dalma tun wajen digiri 190 ta narke, ranar da haɗin ya yi zafi sai waya ta zare da wuta a jikinta. Abu ɗaya da za ka lura, kebul ɗinku mai laushi ne silinsa ƙanana, ya fi na gini kumbura ko da lambarsu ɗaya, dan haka ka tafi da guntunsa kasuwa ka gwada log ɗin a wajen.

TAMBAYA: Kebul na alminiyam zan ja daga janareta zuwa injin niƙa, log na kofa zai yi?

AMSA: A'a. Alminiyam da kofa in suka haɗu ga danshi sai alminiyam ya dinga ciwuwa ya zama farin gari, damina ɗaya ta isa ka gani. Akwai log mai ƙarfe biyu, wuyansa alminiyam bakinsa kofa, yawanci da man shafawa a cikinsa, kar ka goge man. Ka kankare wayar da burushin ƙarfe ka zura nan take ka matse.

TAMBAYA: Tawa ta daina matsewa, ina ta famfa ba ƙarfi. In zuba mata man birki?

AMSA: Kar ka soma, man birki cinye sil ɗin zai yi. Fara duba makunnin ko bai rufu sosai ba. In ya rufu to ko mai ya ragu ko iska ta shiga, ka kwance hannun da ba ya motsi za ka ga jakar roba ta mai, ka ƙara man haidirolik mai tsabta ka fitar da iskar. In kuma tana naso ta bakin fistin sil ne ya mutu, ka duba cikin akwatinta sau da yawa suna sako na canji a 'yar leda, in ba ka iya ba kai wa masu gyaran jak.