Loɓata ta matse, kuma kunyar zuwa asibiti nake ji

Tambaya: Salam likita. Shekarata 26, wanzamin da ya min kaciya ina yaro bai cire loɓar duka ba, yanzu ta matse bata ja baya ko kaɗan, tana tsagewa, in zan yi fitsari sai ta kumbura kafin ya fito. Wlh kunya ta hana ni zuwa asibiti, ba abin da zan yi a gida?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wannan shi muke kira fimosis, kuma ba kai kaɗai bane, sai dai kowa ɓoyewa yake tunda a wajenmu ana ɗauka duk namiji an gama masa da wannan tun yana ƙarami.

In matsewar bata yi tsanani ba akwai man shafawa irin su betamethasone, ana shafawa a bakin fatar sau biyu a rana sati 4 zuwa 8 ana ɗan janta a hankali. Amma yadda ka ce tana tsagewa har fitsari na taruwa, ina zargin tabo ne ya zagaye bakin, musamman in ka ga wajen yayi fari yayi tauri kamar zobe, irin wannan kuwa man shafawa ba kasafai yake warware shi ba, kuma duk jan da kayi da ƙarfi sabon tsagewa ne, in ya warke ya ƙara matsewa. Sannan a gwada maka suga, don ciwon suga na yawan kawo ƙaiƙayi da tsagewa a wajen.

Dan Allah kar ka sa reza, kar ka koma wajen wanzami, kar ka zuba Dettol, ruwan ɗumi ya isa wanki.

Gyaran kaciyar ƙaramin aiki ne, allurar kashe zafi za a maka a wajen, yawanci ranar zaka koma gida, sai haƙurin sati 4 zuwa 6 kafin kusantar iyali. Maganar kunya kuwa, ka nemi likita namiji, ba sai ka yiwa mai yankan kati bayani ba, kace matsalar fitsari ce kawai. Mu fa kullum muna gani.

In fitsari ya tsaya gaba ɗaya, ko fatar ta ja baya ta maƙale kan gabanka ya kumbura ya fara canja kala, ko tsakar dare ne ka tafi imajensi, kar ka jira gari ya waye.