Ƙwayar gyaran fata ko tukunyar miya?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Shekarata 43, 'ya'yana biyar. Tun hunturun bana na lura fatar fuskata ta fara saki, ga 'yan layuka a gefen ido. Wata ƙawata tana sayar da ƙwayoyi a WhatsApp, wai da inabi da koren shayi aka haɗa su, suna hana fata tsufa. Kuɗin roba ɗaya ya kusa cefanen mako guda. In saya? Maman Abba, Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Maman Abba. Riƙe kuɗinki tukuna. Maganar ƙawarki da ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai an yi mata gishiri da yawa.

Abin da ke riƙe fata ta tsaya cak shi ne wani furotin mai suna kolajin. Daga shekara ashirin da 'yan kai jiki yake fara rage shi, kusan kashi 1 cikin 100 duk shekara, idan al'ada ta ɗauke kuma abin ya ƙara sauri. Rana tana ƙara lalata shi, haka hayaƙin sigari. Tsirrai kuwa, da yake a rana suke wuni, Allah Ya hore musu sinadaran kare kai, kuma idan muka ci su muna samun ɗan rabo. Ɗan rabo fa na ce.

Wanda na fi amincewa da shi shi ne bitamin C, don in babu shi jiki ba ya iya ƙera kolajin mai ƙwari. Mace tana buƙatar kamar miligiram 75 a rana. Giram 100 na goba yana da fiye da 200, wato ninki huɗu na lemon zaƙi. Gobar nan da yara ke jifa a bayan gida, guda ɗaya ta biya miki buƙatar wuni. Garin 'ya'yan kuka da ake dama kwalba da nono shi ma yana da shi sosai. Zogale ma haka, amma yadda muke dafa shi sai ya yi lugub, mu tsiyaye ruwan, mu matse, yawancin bitamin ɗin ya bi magudana. Ki rage ruwa, ki sauke shi yana kore shar, sannan ki kwaɗa da ƙuli.

Sai tumatir. Jan da kike gani wani sinadari ne, laikofin. A 2001 masu bincike a Jamus sun riƙa ba wasu mutane giram 40 na markaɗaɗɗen tumatir irin na gwangwani, ɗan fiye da rabin ƙaramin gwangwani, tare da man zaitun, kullum har mako 10. Da aka haska musu hasken da ke ƙona fata, jan da fatarsu ta yi ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda ba su ci ba. Fararen fata ne, kuma 'yan kaɗan, don haka ban ce ki tsaya a ranar azahar don kin sha miya ba. Abin da ya burge ni shi ne, laikofin ya fi shiga jiki idan an dafa tumatirin da mai. Miyar dage-dage ke nan. Shi kuwa manja, jansa wani sinadari ne mai suna karotin, idan kika soya shi har ya yi fari kin ƙone abin da ake nema.

Zoɓo yana da irin sinadaran da ke ba jan inabi launinsa. Matsalar ita ce sukarin da muke zabga masa, don yawan sukari a jini yana manne wa kolajin ya sa shi taurara. In kina shan maganin hawan jini, ki gaya wa likitanki kafin ki mayar da zoɓo na kullum, yana ɗan sauke jini.

Su kuma ƙwayoyin, ba ki san abin da ke ciki ba, kuma yawan sinadari ba shi ne amfaninsa ba. A ƙasar Finland an ba dubban maza masu shan sigari ƙwayar karotin shekaru, sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna sankarar huhu ta ƙaru a cikinsu. Ƙwayoyin koren shayi masu ƙarfi kuma an samu waɗanda suka taɓa wa hanta. Shayin kansa a kofi ba laifi.

Layukan da kika gani bayan hunturu, ina kyautata zaton rabinsu bushewa ce. Ki shafa man kaɗe da zarar kin fito wanka, jiki da sauran danshi. Abu ɗaya ne ba ki faɗa mini ba: wane mai kike shafawa? In na bilicin ne, musamman haɗin da ake sayarwa ba suna, da yawansu suna ɗauke da maganin da ke sirantar da fata, kuma babu gobar da za ta gyara wannan. Kada ki yanke shi rana ɗaya, fuska tana iya yin bore. Ki ɗauki robar ki nuna wa likitan fata ya tsara miki yadda za ki janye.