Amsa: Motsa jiki ga mai ciwon lalacewar tsoka na gado

Malam, ka tambaya ko motsa jiki zai ƙara wa yayanka rauni. Idan an bi a hankali, yana taimakawa, amma ba ya warkar da ciwon, tunda daga ƙwayoyin gado yake. Kafin komai a duba zuciyarsa, domin nau'in wannan ciwo da ake kira Becker da wasu nau'o'in suna taɓa ta. Ni dai na fi yarda da motsa jiki cikin ruwa ko keken tsaye, da miƙe gaɓoɓi kullum don kada su ƙage. A guji ɗaga nauyi mai yawa da yawan saukowa matakala. In fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, ko ciwon jiki ya wuce kwana 2, ya dakata ya ga likita.