Ba bakinmu muka sayar ba, Yaya

Yaya Malam, barka da warhaka, ina gaida Inna da su Hajiya da yara. Na saurari saƙonka har ƙarshe, kuma na san ba kai kaɗai ke da wannan tambayar ba, shi ya sa na ga gara in amsa a rubuce. Ka ce kamfanonin nan na fasaha, su Google da Facebook da 'yan uwansu, kowa ya san inda suka karkata, suna danne muryar Musulmi suna ɗaga ta wasu, mu kuma muna ciki muna karɓar albashi baki alaikum. Sannan ka rufe da cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wannan ta ƙarshen ta fi yi min ciwo, amma bari in fara da ta farko.

Ni ba a waɗanda ka ambata nake aiki ba, sai dai yankinmu ɗaya a nan kudancin San Faransisko, kuma yawancin mutanenmu da ke wannan sana'a tare muke Juma'a a babban masallacin Santa Clara. Karkata kam akwai ta. Abin da ba a gani daga gida shi ne, a nan kowane ɓangare rantsuwa yake yi shi ake zalunta. 'Yan jam'iyyar Republican sun daɗe suna kukan cewa kamfanonin gidan masu sassaucin ra'ayi ne, kuma suna da abin nunawa. A 2017 wani injiniyan Google mai suna James Damore ya rubuta doguwar takarda yana cewa kamfanin ba ya jure ra'ayin 'yan mazan jiya, har ya ce bambancin halitta na cikin dalilan ƙarancin mata a aikin. A watan Agusta aka sallame shi. A Janairun 2021 kuma Twitter da Facebook suka rufe shafin Trump yana kan kujerar shugaban ƙasa. Gaskiya ne mafi yawan ma'aikata a nan jam'iyyar Democrat suke yi. Amma ma'aikaci daban, mai kamfani daban. A wannan shekarar ta 2021 Twitter da kanta ta fitar da bincikenta, ta ce a ƙasashe shida cikin bakwai da ta duba, na'urarta ta fi yayata saƙonnin 'yan siyasa masu ra'ayin riƙau. Elon Musk ya saye ta a 2022 kan dala biliyan 44 ya dawo da Trump. Ranar 20 ga Janairun 2025 kuwa, da idona na gani a talabijin, jagororin kamfanonin nan, Zuckerberg da Bezos da Pichai da Musk, suna jere a wurin rantsar da mutumin da aka rufe wa shafi shekara huɗu baya, bayan kamfanoni irin su Meta mai Facebook da Amazon sun ba da dala miliyan ɗai-ɗai don bikin. Ni dai abin da na fahimta a zamana cikinsu, masu kamfanonin nan inda mulki da kwangila suka nufa nan suke fuskanta, kuma da wuri suke juyawa.

Maganar Gaza ba zan kare kowa ba. Ƙungiyar Human Rights Watch ta tattara misalai sama da 1,000 a Disambar 2023 na saƙonnin goyon bayan Falasɗinawa da aka goge ko aka danne a Facebook da Instagram. Google da Amazon suna da kwangilar dala biliyan 1.2 da gwamnatin Isra'ila tun 2021, wadda ake kira Nimbus. A Afrilun 2024 wasu ma'aikatan Google suka yi zaman dirshan a ofisoshin New York da Sunnyvale, nan kusa da mu, aka kori 28 tashin farko, daga baya adadin ya kai wajen 50. Shugaban kamfanin ya rubuta wa ma'aikata cewa nan wurin kasuwanci ne, ba fagen muhawarar siyasa ba. Kamfanin da a 2017 ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, Sergey Brin, ya je filin jirgin San Faransisko ya tsaya cikin masu zanga-zangar ƙin dokar hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi shigowa. Kamfanin da a Nuwambar 2018 ma'aikata kusan 20,000 suka fice daga ofis kan yadda ake rufa wa manya masu cin zarafin mata asiri. Wancan lokacin siyasa ba ta ɓata aiki ba, sai da aka zo kan Falasɗinu. Mun ga wannan, ba sai an faɗa mana daga gida ba.

A makon da aka yi korar nan, na shiga ɗan ɗakin da aka ware mana na salla a ofis da azahar, na tarar da wata yarinya Bafalasɗiniya zaune kan darduma da kwamfutarta a cinya, tana kankare ɗan hoton kankana da ta manna a murfin da farcenta. Ka san kankana ce alamar da suke sawa a madadin tutarsu. Ba ta ce min komai ba, ni ma ban ce ba. Na yi salla na zauna kusa da ita har ta gama. Da bizar aiki take zaune, kuma mahaifiyarta da ƙannenta da albashinta suke ci.

To nan ne wurin da nake so ka tsaya ka fahimce mu. Yawancin yaranmu da ke zuwa wannan aiki da biza mai suna H-1B suke, wadda ke ɗaure da kamfanin da ya ɗauke ka. Ranar da aka sallame ka, kwana 60 kake da shi ka sami wani ya ɗauke ka, in ba haka ba ka tattara matarka da 'ya'yanka ka bar ƙasar. 'Yancin faɗar albarkacin baki da kuke ji ana yi wa Amurka kirari da shi, gwamnati ya hana ta taɓa ka, bai hana mai kamfani ya nuna maka ƙofa ba, kuma a mafi yawan jihohi ba sai ya kawo dalili ba. Saboda haka muna da tsarinmu. Duk yaron da ya sauka, ɗan Kano ne ko ɗan Maraɗi ko ɗan zangon Kumasi, a makon farko ana kiransa tuwo a gidan ɗaya daga cikin dattawanmu, kuma kafin ya wanke hannu zai ji magana ɗaya: ka riƙe sallarka, ka riƙe bakinka, har takardarka ta fito. Wanda ya riga ya sami fasfo kuwa, a kansa magana take. Shi ke fita zanga-zanga, shi ke buga waya ofishin ɗan majalisa, shi ke sa hannu a takardar koke da cikakken sunansa. Mai biza ya ba da abin da ya sawwaƙa a asusun agaji a masallaci, ya yi addu'a. Maigidana ya fita sau da dama, wani lokacin yana ɗauke da kwali biyu, nasa da na wani yaro ɗan Gombe da ya rubuta da hannunsa amma ba shi da halin riƙewa a titi.

Kuma Yaya, kai ne fa ka fi ni sanin labarin Baba. Ma'aikacin En'e ne, zuciyarsa na wurin Malam Aminu Kano da NEPU, a zamanin da in aka ji ka ce Sawaba za ka iya rasa aiki, wani ma har gidan yari. Inna ta sha ba mu labarin yadda yake ajiye katin jam'iyya a ƙasan adakarta, cikin tsohon zane, da safe ya sa rigarsa ya tafi ofis ya gaida kowa da ladabi. Da wannan albashin ya yi mana makaranta ni da kai. Ban taɓa jin ka kira shi matsoraci ba. Ko yau ɗin nan, ma'aikacin jiha nawa ka sani da zai rubuta laifin gwamnansa a Facebook da sunansa ya kwana da kwanciyar hankali?

Na tuna fushin da kuka yi a 2021 da Twitter ta goge saƙon Buhari, gwamnati ta rufe ta daga watan Yuni har Janairun 2022. Mutane da yawa a Arewa sun haɗa abin da goyon bayan da shugaban Twitter na lokacin, Jack Dorsey, ya ba zanga-zangar EndSARS a 2020, suka ce ai dama an tsane mu. Ni daga ciki abin da na gani ya fi tsana ban haushi: ba ma cikin lissafinsu. Za ka zauna taro ana zancen harsuna, a yi Faransanci da Jamusanci da Japananci, harshen da mutum sama da miliyan 50 ke yi a ce a bar shi sai wani zango. Masu tace saƙonnin Hausa na Facebook ma a wancan lokacin ba a nan suke ba, 'yan kwangila ne a Nairobi, kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, suna wuni suna kallon bidiyon yanka da ƙone-ƙone, har fiye da 180 daga cikin masu wannan aikin suka kai ƙara kotun Kenya a 2023. In ka ga an goge wa'azin malami an bar zagin da zai iya tada gari, sau da yawa na'ura ce da ba ta jin Hausa, da mutum ɗaya gajiyayye da aka ɗora wa aikin mutum goma. Duk sanda aka ɗan gyara wani abu, za ka tarar akwai wani namu a ciki da ya nace. In duk muka fita kamar yadda kake so, wa zai nace?

Ka yi tambaya a kaikaice kan watan Yuni da tutocin nan masu launi-launi na masu neman jinsi ɗaya. Ana rataye su, gaskiya ne, ana kuma yin taruka. Ba na zuwa, kuma ba a taɓa tilasta min ba. Abin da addinina ya ce na sani, 'ya'yana ma sun sani. Amma dokar 1964 da ta hana a kore ni saboda hijabina, ta sa aka ba ni lokacin salla, ita ce kotun ƙoli ta ce a 2020 ta kare su ma. Ina gaisawa da kowa, ina aiki da kowa, ba na wa'azi a ofis kuma ba a yi min. Wannan batun ma shi ya raba kan mutanenmu a zaɓe, wasu suka koma Republican saboda abin da ake koya wa yara a makaranta, wasu suka ce ba za su manta da Janairun 2020 ba, da aka sa Nijeriya cikin ƙasashen da aka hana bizar zama, takardun iyaye da matan aure suka tsaya cak sai da Biden ya soke dokar. A taron shekara-shekara na Zumunta, ƙungiyar 'yan Arewa mazauna Amurka, Musulmi da Kiristan Arewa a teburi ɗaya, gardamar nan har a kan kwanon masa ake yin ta.

Yanzu maganar gida ya bar mu. Na san daga inda ta taso, auren babbar 'yata ne. Har yau wasu a dangi ba su daina cewa na ba Bature 'ya ba. Yaron baƙar fata ne ɗan Oakland, kakansa ne ya musulunta, shi kuma iyayensa suka tura shi Kaulaha yana ƙarami ya yi karatun Alƙur'ani a Madina Baye. Da ya zo gaisuwa bai ɗaga ido ya kalli maigidana ba, takalminsa a waje, ya durƙusa. An yi lefe, an yi kamu, matan garin nan suka kwana suna yi mata lalle, aka yi gara daidai ƙarfinmu. Zan so a ce ɗan gida ta aura, ba zan ɓoye maka ba. Amma a faɗin yankin nan gidajen Hausawa ba su da yawa, kuma samarin da aka yi mata maganarsu daga gida, tambayar farko da wasunsu suka yi ta takardar zama ce. Ta ji da kunnenta.

Hausarta da gargada, na yarda. Tana cewa "na zo gobe", ƙannenta ma sun fi ta rauni. Amma ba ta taɓa kiran sunan babanta ko na mijinta a gabanmu ba, ba ta miƙa wa babba abu da hagu, kuma duk wata ita ke fara zuba nata a adashin matanmu, wanda da shi muka yi wa makarantar allon unguwarmu rufin kwano. Abin da ke ba ni mamaki ma, ita da sa'o'inta da aka haifa a nan sun fi mu baki nesa ba kusa ba. Ita ma aikin kwamfuta take yi, kuma ta taɓa ƙin wani aiki mai tsoka saboda kamfanin na da hulɗa da sojoji. Mu take tuhuma da yawan shiru, kusan da kalmomin da ka yi amfani da su. Kai kana ganin mun zama Amurkawa, ita tana ganin tsoron gida ne bai sake mu ba, kuma ranar da na kunna mata saƙonka cewa ta yi Kawu ya yi gaskiya.

In Allah ya kai mu hutun Disamba za su zo ita da mijin da jaririn. Roƙona ɗaya, a daina kiran yaran nan 'yan Amurka a gabansu, suna ji, kuma ƙaramin ya taɓa tambayata ko shi ba jikan Inna ba ne kamar sauran. Surukin naka ka zaunar da shi a zaure ka ja shi da karatu, ka tambaye shi duk abin da ka tambaye ni. A gaida Inna, a ce mata maganin ƙafarta na nan tafe a hannun wani ɗan Zariya da zai taso ƙarshen wata.