Oga, wane rediyo zan saya in koyi Morse?

Tambayarka ke nan, kuma na ga hoton da ka nuna min a waya, Baofeng UV-5R, ka ce ita ce daidai kuɗin da ka tara. Riƙe kuɗinka tukuna, ɗana. Wannan oba-oba ce, ta magana ce a FM, kan VHF da UHF. Masu Morse kuwa, wato masu aika haruffa da gajeriyar ƙara da doguwa, a gajeren zango suke taruwa, da siginar da ake kira CW, oba-oban nan ko kusa ba ta kaiwa can. Ga kuma halin tsaro a Kaduna: yaro da oba-oba a aljihu babu takarda, tambayar da zai sha a shingen bincike ta ishe shi.

Abin da za ka fara da shi, wato ɗan injin da ke fitar da ƙarar Morse don gwaji, kayansa na cikin shagon nan. Ɗauki ɗan guntun IC mai lamba 555 ɗaya, da rezisto biyu, da kafasita, da sifikar wani mataccen rediyo, da batir mai bolt 9. Ka haɗa su da dalma, ka yi ta daidaitawa har ƙarar ta zauna tsakanin 600 da 700 hertz, don idan ta yi tsini kunne yakan gaji da wuri. Abin bugawa kuma, nemi karyayyen ƙarfen zarto, ka kankare fentinsa, ka ɗaure baki ɗaya a jikin katako. Ɗaya bakin ka manna masa murfin kwalba inda yatsa zai zauna, ka kafa noti a ƙarƙashinsa. Ratar da ke tsakaninsu kada ta wuce kaurin takarda biyu ko uku. In ta yi faɗi, wuyan hannunka ne zai faɗa maka.

Amma kada ka yi gaggawar bugawa. Kunne ake fara gyarawa. Wannan takardar ɗige-ɗige da ja-ja da ka liƙa a bayan ƙofa, cire ta yau. Wanda ya koya da ido, duk harafin da ya ji sai ya tsaya ƙirga, kafin ya gama uku sun wuce shi. Bahaushen da ya tashi kusa da mahauta ba ya ƙirga bugun kalangu, kirarin yake ji kai tsaye. Haka nake so ka ji K, daa-di-daa, a dunƙule. Wani Bajamushe, Ludwig Koch, ya fito da hanyar tun shekarun 1930: haruffa biyu kacal, amma da cikakken sauri, sai ka kama kashi 90 cikin 100 sannan a ƙara na uku. Akwai manhajojin waya na kyauta masu bin tsarinsa. Sa saurin harafi wajen kalma 20 a minti, ka buɗa rata tsakanin haruffa yadda za ka samu numfashi. Minti 15 bayan asuba kullum ya fi awa uku ranar Lahadi. Ranar da ka fara bugawa, ka kiyaye awo: dogo ninki uku ne na gajere, ratar haruffa gajere uku, ta kalmomi bakwai.

Bayan haka sai rediyon saurare, kuma nan ne kuɗinka za su yi amfani. Irin wanda dattawa ke kawo mana gyara don jin BBC Hausa yana da gajeren zango, amma AM kawai yake ji. CW ba ta ɗauke da sauti, kunnawa da kashewa ce zalla, shi ya sa a irin wannan rediyon sai dai ka ji huci yana yankewa. Dole sai mai BFO, wanda ke haifar da tasa siginar a ciki, kusa da wadda ta shigo, bambancin da ke tsakaninsu ya fito a matsayin ƙarar da kake ji. Saboda haka ka duba rubutun SSB a jikin akwatin, shi ne alamar rediyon yana da BFO. Tecsun PL-330 yana da shi, XHDATA D-808 ma haka. In ka ci karo da tsohon Sony ICF-SW7600GR na hannu mai lafiya, kada ka bari ya wuce ka. Kafin ka biya, murɗa shi tsakanin 14.000 da 14.070 megahertz da la'asar, ko 7.000 zuwa 7.040 da dare. Ka jona masa waya mai tsawon mita 10, ka nesanta ta da inbata da cajar waya da ƙwan LED, don su ne ke cika zangon da shuu. Lokacin da aka ɗauke wuta unguwa ta yi tsit, a nan za ka ji Turai tana shigowa.

Tura saƙo kuwa sai da lasisin gwamnati da lambar kira, tamu ta Najeriya da 5N take farawa. Ban yarda yaron shagona ya tura ko harafi ɗaya ba tare da ita ba. Idan ta samu, za a tallata maka Pixie, wata 'yar rediyon tura Morse da ake haɗawa da hannu, saboda arha. Ta yi kyau don koyon haɗi, amma ƙarfinta bai kai wat 1 ba, a kafe take wuri guda, yawanci 7.023, kuma manyan tashoshi na kutsowa cikinta. Ni rediyon QCX na kamfanin QRP Labs zan ce ka tara wa kuɗi: zango ɗaya, wajen wat 5, kai za ka haɗa shi da hannunka. Zaɓi na zangon mita 20, wato wajen 14 megahertz ɗin nan, don eriyarsa waya biyu ce, mita 5 kowane gefe, za ta shiga tsakar gidanku na Tudun Wada, ta zangon mita 40, wato wajen 7 megahertz, kuwa ninkin haka take ci. Kada ka taɓa danna shi babu eriya ko lodin gwaji mai om 50 da ke maye gurbin eriya, transistocin ƙarshe ne za su ƙone. Naɗin koyil ɗinsa akwai wuya, wannan tare za mu zauna mu yi.