Wata biyu a makarantar jinya, karatu na neman fin ƙarfina

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Na samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya, yanzu watanmu biyu a PTS, wato zangon share fage. A sakandare ina cikin na gaba-gaba, amma a nan gwajin anatomi, wato ilimin sassan jiki, biyu muka yi, duk na faɗi. Kwana nake ina karatu, gari na wayewa sai in ji kamar ban taɓa buɗa littafin ba. Ga tsoron kora, ga shiga asibiti koyon aiki da ke tafe. Me zan gyara? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tsoronki yana da dalili. PTS watanni shida ne na farko, kuma jarrabawar ƙarshensa ce ke tace waɗanda za a saka wa hular nas, a kai sunayensu Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wato NMCN. Amma kina da wata huɗu a hannu, kuma a bayanin da kika yi, kanki lafiya lau yake. Kwanan karatun ne ke kayar da ke.

A sakandare mutum na iya tara darasi sai jarrabawa ta matso ya haddace. Nan ba ya yiwuwa, don anatomi, fisiyoloji (yadda sassan jiki ke aiki), ilimin ƙwayoyin cuta da tushen aikin jinya duk tare suke zubowa, kuma darasin yau a kan na jiya yake hawa. Duk laccar da aka yi, ki bi ta a ranar, ko da minti 30 ne bayan la'asar. Bitar kuma ba sake karantawa ba ce. Ki rufe littafi, ki ɗauki farar takarda, ki rubuta abin da ya zauna. Idan zuciya aka koyar, ki zana ɗakunanta huɗu da ka, ki ja kibiya: jini ya shigo ɗakin sama na dama, ya sauka na ƙasa na dama, ya tafi huhu ya ɗauko iska, ya dawo ɗakin sama na hagu, ya sauka na ƙasa na hagu, daga nan ya watsu jiki. Inda kibiyar ta tsaya miki, nan ne ba ki gane ba, shi kaɗai za ki koma ki duba. Ki maimaita zanen washegari, da bayan kwana 3, da bayan mako guda.

Ƙasusuwan babban mutum 206 ne, kuma wanda ya jera su ya hau hadda zai gaji a banza. Ki raba su: 80 na ƙoƙon kai, gadon baya da ƙirji, 126 na hannuwa, ƙafafu, kafaɗa da ƙugu. Kina kiran suna kina taɓa wurin a jikinki.

Ki nemi abokan karatu uku ko huɗu, kada su wuce haka, don taro in ya yi yawa hira yake komawa. Ku yi wa juna bayani da Hausa har sai ya zauna, sannan kowa ya rubuta amsar da Turanci, tunda da shi za a yi jarrabawa. Ɗalibai da yawa sun fahimci darasi sarai, a wajen rubuta shi suke zubar da maki.

Barci kuwa ba a taɓa shi. A cikinsa ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta, shi ya sa kike tashi fayau. Ki nemi awa 7, ki mayar da karatu mai nauyi bayan sallar asuba. Kofi da goro da tsakar dare ido kawai suke buɗewa, ƙwayoyin hana barci kuma kada ki kusance su.

Ɗakin gwaji, inda ake gwada aikin jinya a aikace, shi ma yana da nasa maki, kuma abin da ke kayar da ɗalibai a can ƙanana ne: ba a gaida mara lafiya ba, ba a yi masa bayani an nemi izininsa ba, ba a ja labule ba, ba a wanke hannu ba, an gama ba a rubuta ba. Wankin hannu da sabulu da ruwa daƙiƙa 40 zuwa 60 ne. Ki riƙe ma'aunin babban mutum mai lafiya: bugun jini 60 zuwa 100 a minti, numfashi 12 zuwa 20, zafin jiki wajen digiri 37 a ma'aunin Celsius, awon jini kusan 120 bisa 80. Bugun jini da yatsu biyu ko uku ake jin sa a wuyan hannu, ban da babban yatsa, domin shi ma yana da bugunsa. Numfashi kuma kada ki ce wa mara lafiya za ki ƙirga, don da ya sani zai canza shi. Ki bar yatsunki a hannunsa, idonki a ƙirjinsa, minti guda cur. Agogo mai hannun daƙiƙa ya zama dole.

Lissafin magani ki fara shi tun yanzu, biyar a rana. Abin da likita ya rubuta, a raba da abin da ke kwalba, a ninka da yawan ruwan. An rubuta miligiram 250, kwalba na da 125 a cikin mililita 5, za a ba da mililita 10. Kuskure ya fi zuwa daga manta cewa giram 1 miligiram 1,000 ne.

Kafin shiga asibiti, ki fara rigakafin ciwon hanta nau'in B a makon nan in ba ki yi ba. Allura uku ce: yau, bayan wata 1, sai a wata na 6. A asibiti kuma, allurar da aka yi amfani da ita ba a mayar mata da murfi, akwatin zubarwa ake jefa ta. In ta soke ki, ki wanke da ruwa da sabulu, ki faɗa wa Sista, wato babbar nas, nan take, saboda maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi, kuma da wuri ya fi. Ki karya kumallo kafin ki fita, in jiri ya ɗebe ki a gaban jini ki nemi wuri ki zauna. Abubuwa uku ba sassauci a kansu: ba ki ba da magani sai ƙwararriyar nas na tsaye, ba ki rubuta awon da ba ki yi ba, ba ki ɗaukar hoton mara lafiya ko kai labarinsa ɗakin kwana.

A gida kuma ki nuna wa iyaye jadawalinki, su san ba kowane biki ko suna za ki samu zuwa ba kafin jarrabawa. Gobe ki je wurin malamin anatomi ki roƙe shi ya duba takardun gwajin nan biyu tare da ke, ki gani ko a zane makin ya tafi, ko a rubutun sunaye, ko a rashin fahimtar tambaya, sai ki fara bita daga wurin.