Treo 650 Mai Kunnawa Tana Mutuwa, da Abin da Ya Daskarar da Kamfanin Palm

Ɗana, abu biyu ka tambaye ni a kan wayar nan mai ƙahon eriya da ka tsinto a kwalin tarkace. Ka ce ka sa mata batir mai kyau amma tambari kawai take nunawa ta mutu ta sake tashi, ko za ka ɗora mata bulowa, injin hura iska mai zafi? Sannan ka ce yaya aka yi kamfanin da ya ƙera waya mai tach da madannai tun 2004 ya ɓace, har yaran kasuwa ba su san sunansa ba? Tushen amsar ɗaya ne. Amma tukuna ajiye bulowar nan, domin da wuya ciwon wayar ya zama a jikin inji yake.

Palm kamfanin Amurka ne, Jeff Hawkins ya kafa shi a 1992. A 1996 suka fitar da Pilot 1000, 'yar kwamfutar aljihu mai memori kilobait 128, furosesan Motorola DragonBall mai gudun megahaz 16, da ƙananan batura biyu irin na rimot da ke ɗaukar makonni. Ba ta kira, ajiye lambobi da jadawalin aiki kawai take yi, amma kana taɓa ta take amsawa. Manhajarta, Palm OS, an ɗinka ta daidai jikin wannan ƙaramin inji: shiri ɗaya ke gudana a lokaci ɗaya, kuma babu katanga tsakanin memorin wannan shiri da na wancan. A 1996 wannan dabara ce mai kyau. Riƙe wannan maganar, don ita ce ke kashe wayar da ke gabanka.

Hawkins da Donna Dubinsky da Ed Colligan sun bar kamfanin a 1998 suka kafa Handspring, kuma a can aka haifi Treo. A 2003 aka yi abin da nake ganin shi ne babban kuskure. An raba gida biyu: masu ƙera na'ura suka haɗe da Handspring suka zama palmOne, masu rubuta manhaja suka zama kamfani mai zaman kansa, PalmSource. Wato mai ƙera jiki ba shi da iko da ruhin da zai sa a ciki. PalmSource ta rubuta sabuwar manhaja mai suna Cobalt a 2004, wadda ke iya gudanar da shirye-shirye da yawa tare, amma ko na'ura ɗaya ba a kai kasuwa da ita ba. A 2005 kamfanin ACCESS na Japan ya saye PalmSource a kan kimanin dala miliyan 324. Ƙarshen 2006 Palm, wato masu ƙera na'urar, ya biya dala miliyan 44 don samun lasisin dindindin na tsohuwar manhajar, Garnet, wadda a gidansa aka haife ta. Mutum ya bar rijiyar gidansu ta fita hannunsa, ya dawo yana sayen ruwa a bakinta.

Mai gyara ba ya buƙatar jarida ta gaya masa kamfani ya tsaya cik. Jera wayoyin a kan tebur ka karanta su. Treo 650 ta ƙarshen 2004: furosesan XScale mai megahaz 312, sikirin 320 a tsaye 320 a kwance, manhajar Garnet. Treo 700p da Treo 680 na 2006: megahaz 312, sikirin iri ɗaya, Garnet. Treo 755p da Centro na 2007: haka dai. Yawancin abin da ya canza shi ne an datse eriya, an ƙara memori, an rage kauri, an sauya launin kes. A 680 ma baya aka ci, domin batirin 650 mai ƙarfin 1800 ne, na 680 kuwa 1200, kuma kyamararta ba ta wuce ta 650 ba. Babu ɗaya cikin Treo masu Garnet da ta zo da Wi-Fi a cikinta. A shekarar da Centro ta fito, Nokia N95 na kasuwa da Wi-Fi da 3G da GPS da kyamara mai megafiksel 5, iPhone kuma ta iso a watan Yuni. Centro ta sayu sosai, sama da miliyan biyu, amma a kan dala 99 tare da kwantiragin layi. Araha ce ta sayar da ita.

Kada ka ce injiniyoyinsu ba su iya ba. Manhajar ce ta ɗaure musu hannu. Garnet tana kan furosesan ARM, irin XScale ɗin nan, amma yawancin shirye-shiryenta an rubuta su ne don tsohon DragonBall, sai wani tafinta a cikin manhajar mai suna PACE ya riƙa fassara su. Ko ka sa furosesa mai ninkin gudu, ribar da za ka gani kaɗan ce. Ita kuma 3G ta layukan GSM tana son waya ta riƙe kira da data lokaci guda, abin da Garnet ba ta iya ɗauka ba, shi ya sa 680 ta tsaya a EDGE, wato intanet ɗin 2G. Da suka so waya mai 3G irin wannan, sai suka aro Windows Mobile ta Microsoft suka sa a Treo 750, bayan sun fara da 700w a farkon 2006.

To ga inda wannan ya shafi wayarka. Tun da babu katanga a memori, shiri ɗaya mara kyau ko fayil ɗaya da ya lalace ya isa ya kayar da wayar gaba ɗaya. Kuma duk lokacin da ta tashi, manhajar tana sanar da kowane shiri cewa an tashi. In mai laifin yana cikinsu, nan take zai sake kayar da ita. Shi ne zagayen da kake gani. A tsofaffin Palm, in batir ya ƙare komai gogewa yake yi, mai laifin ya tafi tare da sauran. A 650 aka koma memorin da ba ya gogewa, don haka ko ka cire batir ta kwana, gobe laifin na nan yana jiranka.

Fara da auna batir da mita. Cikakke volt 4.2 ne, kuma in ya yi ƙasa da 3.6 ko ya faɗi sosai lokacin da wayar ke tashi, kada ka zargi manhaja tukuna. Batir mai shekara ashirin yakan nuna volt mai kyau alhali ba ya iya ɗaukar nauyi. Mafi tabbas, ka ba ta volt 4 daga injin ba da wuta na kan tebur. In batirin ya kumbura, ba a farfaɗo da shi, fitar da shi daga shago. Sannan cire katin SD, ka kwafe abin da ke cikinsa a kwamfuta, ka gwada wayar ba kati. Kati mara kyau shi kaɗai yana jawo wannan zagaye, kuma 650 da manhajarta ta asali ba ta karanta katin da ya wuce gigabait 2.

In ta ci gaba, zare murfin batir, za ka ga ɗan ramin risetin. Danna maɓallin sama na tsakiya ka riƙe, ka soka bakin alƙalamin wayar a ramin, kada ka saki maɓallin sai tambarin Palm ya bayyana. Wannan yana tayar da ita ba tare da ta taso da ƙarin shirye-shiryen ba. In ta tsaya da ƙafarta, ka tabbatar inji lafiya yake. Shiga wurin buga lamba ka danna #*377 in mai sim ce, ko ##377 in ta layin Sprint na Amurka ce, sai kira. Za ta nuna maka lokacin da ta faɗi na ƙarshe da sunan shirin da ke gudana a lokacin. Goge shi, ka soka ramin sau ɗaya ba tare da riƙe komai ba. Sai in wannan ya gaza za ka yi mai share komai: riƙe jan maɓallin kashewa, soka ramin, saki idan tambari ya fito, danna sama don amincewa. In wayar mai ita ce, ba a yin wannan sai an gaya masa a fili cewa lambobinsa za su tafi. A 680 babu ramin, cire batir da mayarwa shi ne madadinsa.

Akwai kuma abin da ya kamata ka sani game da memorin. An rubuta megabait 32, amma kusan 23 ne ke hannun mai waya, kuma a fitowar farko kowane ɗan bayani, ko lambar mutum ɗaya ce, sai ya cinye gurbin bait 512. Mutane suka kwaso bayanansu daga Treo 600 suka ga ba su shiga sabuwar ba, har kamfanin ya raba katin megabait 128 kyauta kafin ya gyara da sabunta manhaja. In ka ga memori ya kusa cika, rage kaya, don cikar ma tana kayar da ita.

Laifuffukan jiki kuwa sanannu ne. In ba ta ƙara, duba ɗan makunnin shiru da ke samanta kafin ka kwance komai. In lasifikar kunne ta yi shiru, yawanci ramin iyafis ne mai milimita 2.5: dalmar ƙafafunsa takan tsage, ko harshen cikinsa ya maƙale, wayar ta ɗauka an soka iyafis. Wanke shi da sifirit, in bai yi ba ka sake dalma da ayan mai siririn baki. In sabis yana ɗaukewa ko tana cewa babu sim, tiren sim ɗin ne ya yi sako-sako. 'Yar takarda a bayan sim tana matse shi. Kusoshinta T5 ne, kuma kada ka ɓanɓare kes sai ka tabbata duk sun fita, har na wajen eriya. Tach ɗinta ba irin na yanzu ba ne, leda biyu ce da ke haɗuwa in an danna, da wayoyi huɗu. In yana kaucewa, share ƙurar da ta shige ƙarƙashin bakin kes, ka sake saita shi a cikin Prefs, wurin saitin wayar. In bai daidaita ba, auna: wayoyi biyun kowace leda su ba ka 'yan ɗaruruwan om, tsakanin ledojin biyu kuma kada mita ta motsa sai ka danna. In ta motsa ba dannawa, ledojin sun manne, sai canji.

Kamfanin ya farka, amma a makare. Ya ɓata lokaci a kan Foleo, wata 'yar kwamfuta da aka sanar a Mayun 2007 aka soke a Satumba ba a sayar da ko ɗaya ba. Jon Rubinstein, wanda ya yi aikin iPod a Apple, ya shigo, aka rubuta webOS daga tushe, Palm Pre ta fito a Yunin 2009. Manhajar nan ta yi kyau ƙwarai: shirye-shirye a jere kamar katuna, ka ture wanda ka gama da shi sama, ga caji ba waya a kan wani ɗan mazauni mai suna Touchstone. Irin wannan turewar ce kake yi yau a wayarka. Sai dai jikin Pre bai kai manhajar ba. Silaidarta tana girgiɗi, robar gefen ramin caji tana tsagewa, batirin 1150 ba ya kai yamma, kuma a Amurka layin Sprint kaɗai ya fara sayar da ita, lokacin da masu rubuta shirye-shirye sun riga sun tafi iPhone da Android. HP ta saye Palm a 2010 a kan dala biliyan 1.2, ta fitar da TouchPad ranar 1 ga Yulin 2011, ta dakatar da ita ranar 18 ga Agusta. LG ta karɓi webOS a 2013, ita ce a cikin talabijin ɗinsu yanzu.

Kafin ka kashe ko naira ɗaya a kan wadda ke hannunka, duba samanta ko akwai tiren sim. In babu, ta CDMA ce, wato marar sim, irin ta layin Sprint ko Verizon na Amurka, kuma layukan da ke irin wannan a Najeriya, su Starcomms da Visafone, sun daina aiki, ba za ta taɓa kira ba. Ajiye ta ka koyi aunin tach da dalmar ramin iyafis a kanta. In akwai tire, tana kama zangon sabis na megahaz 900 da 1800, za ta yi kira da tes a duk inda 2G ke aiki, muddin ba a kulle ta a layin waje ba. Sa mata sim ka gani kafin ka kashe mata kuɗi.